Gwaggo Mai Komawa Inda Ta Yi Shela

Ladanin masallacin unguwarmu ne ya sanar da rasuwar Gwaggo, ana idar da sallar asuba. Ina tsaye a tsakar gida da buta a hannu ina ji. Ya ce, "Allah ya yi wa wata dattijuwa daga iyalan gidan Malam rasuwa, za a yi mata sutura da hantsi." Shi ke nan, ya kashe lasifika. Wata dattijuwa! Matar da ta ƙarar da ƙuruciyarta tana bin lungunan birnin nan tana sanar da mutane ranar allurar yara da ranar sa su makaranta, wai ita ce yau aka rasa sunan da za a kira ta da shi. Ban ga laifin ladan ba, abin da aka aiko shi da shi ya faɗa. Baffa ne ya aike shi. Baffa yayan Gwaggo ne, yayan mahaifina kuma, shi ne babba a gidanmu na Limancin Kona tun da kakanmu ya rasu. A wurinsa sunan mace ba ya hawa lasifika, balle muryarta. Raina ya ɓaci a ranar, kuma har yanzu da nake rubuta wannan bai gama hucewa ba.

Kafin rana ta ɗaga tsakar gida ta cika da mata. Na zauna a bakin ƙofar ɗakinta ina amsa gaisuwa, kunnena kuwa yana kwasar abin da ake faɗa ƙasa-ƙasa. Wata ta ce, "Allah ya jiƙanta, akwai ta da zumunci, in ban da yawon nan." Wata ta amsa, "Ai baki ne da ita, ko namiji sai ya shirya." Tsohuwar maƙwabciyarmu kuwa, wadda ba ta taɓa taka ƙofar ofis ba a rayuwarta, kuka take yi wiwi tana cewa, "Yanzu in an ce gwamnati ta ce, wa za mu tambaya ko da gaske ne?" Ita kaɗai na ji ta yi ta'aziyyar Gwaggon da na sani. Sauran wata mata suke yi wa addu'a, mai kunya da kawaici, wadda ba ta taɓa zama a gidanmu ba.

Washegari shugaban sashenmu ya zo. Ni ma jami'ar yaɗa labarai ce a ƙaramar hukuma, a sashen da Gwaggo ta yi aiki har ta yi ritaya. Ya yi addu'a a zaure tare da maza, sannan ya aika a kira ni. Muka tsaya a soron ciki. Bayan ya gama ba ni haƙuri sai ya rage murya.

"Malama, na san ba lokacinsa ba ne, amma gara ki ji daga bakina. Aikin magudanar ruwan nan na Ƙofar Kuyambana an ɗage shi. Ba bana ba."

Na ce, "An ɗage? Yallaɓai, ni fa na je na ce wa mutanen nan su rushe dakalinsu."

"Na sani. Ki goge sanarwar daga shafinmu kawai, kada ki ce wa kowa komai. Maganar ƙarin girmanki tana kan teburin ciyaman, kada ki ɓata wa kanki." Ya dubi cikin gida inda mata suke zaune. "Kin dai ga yadda marigayiya ta ƙare."

Ga abin da ya faru. Kafin azumi ofis ya aike ni wani dogon lungu a Ƙofar Kuyambana, in sanar cewa za a gina musu magudanar ruwa, saboda haka duk mai dakali a jikin katangarsa ya rushe a samu hanya. Lungun na masu ɗinkin babbar riga ne, a kan dakalin nan suke wuni da allura da zare. Suka yarda da maganata, suka rushe da hannunsu. Dakalin kuwa ba wurin zama ne kawai ba, shi yake tare gindin katanga daga ruwa, kuma yawancin gidajen ginin ƙasa ne. Ga shi hadari ya fara haɗuwa a gabas da yamma. In ba a gaya musu ba, zama za su yi suna jiran leburori har ruwa ya ci musu katanga. In kuma na gaya musu, na san abin da zai samu takardar ƙarin girmana.

Wai kin ga yadda marigayiya ta ƙare. To tunda Gwaggo ta zama abin da ake tsorata ma'aikata da shi, bari in faɗi yadda ta ƙare, in faɗi yadda ta fara.

Malamar yaƙi da jahilci ce da farko, tana shiga gidaje tana koya wa matan aure karatu. A nan ta lura da wani abu. Motar shela ta ƙaramar hukuma a babban titi take wucewa, maza su ji a bakin hanya, matan da ke can cikin lungu kuwa sai dai su ji ƙara kamar ana kiran wani a nesa. Maigida ya dawo ya faɗi abin da ya ga dama, ko ya manta. Sai ta nemi a mayar da ita sashen yaɗa labarai. Aka yi mata dariya, ta nace, ta je ta yi kwas ta dawo da takardarta. Da suka rasa yadda za su yi da ita sai suka ce motar ta maza ce, suka miƙa mata wata lasifikar hannu mai jan baki wadda ba wanda yake so. Ba su yi tunanin cewa mota ba ta shiga lungu ba. Gwaggo ta sayi takalmin kambas, ta sa shi a ƙarƙashin atamfa, ta ja mayafi ta shiga birni da ƙafa. An daɗe ana yi wa takalmin nan dariya a gidajen biki.

Rigimarta da Baffa kuwa, ita da kanta take ba mu labari tana kwaikwayon muryarsa. Ya kira ta zaure ya ce, "Gidan nan da karatu aka san shi. Ke kuma kin ɗauki ƙaho kina bin gari kamar mai tallar magani."

Ta ce, "Yaya, kai kana karantar da waɗanda suke iya zuwa zaure. Ni ina bin waɗanda ba a bari su fito."

"Ba ki jin kunya maza suna jin muryarki?"

"Ai ba su nake kira ba. In sun ji kunya su toshe kunne, matansu su ji."

Daga ranar ya daina amsa gaisuwarta, kuma abin ya daɗe ƙwarai. Ita kuwa ba ta fasa ba. Kullum da safe sai ta durƙusa a ƙofar zaure ta ce, "Yaya, ina kwana?" In ta ji shiru sai ta sauya murya ta amsa wa kanta, "Lafiya lau, ƙanwata, Allah ya yi albarka," ta tashi ta karkaɗe zaninta ta wuce. Ɗalibansa manya masu gemu sai su sunkuyar da kai cikin littafi suna danne dariya. Daga baya dattawa suka shiga tsakani, aka yi sulhu a kan sharaɗi guda: in ta iso kwanar unguwarmu za ta kashe lasifika, ba za ta kunna ba sai ta wuce masallaci. Ta riƙe sharaɗin nan har ta bar aiki, ko sau ɗaya ba ta karya ba.

Amma ba murya ce ta jawo mata abin da ya same ta a ofis ba. Komawa ce.

Wata shekara aka ba ta sanarwa cewa likitocin ido za su zo wata makarantar firamare su duba tsofaffi kyauta. Ta bi lungu-lungu ta faɗa. Ranar ta zo, aka yi ta jawo tsofaffi da sanda, wasu ko karin kumallo ba su yi ba don an ce musu wataƙila a yi aiki. Suka zauna a baranda har la'asar, likita ko ɗaya bai zo ba. A ofis aka ce mata a bar maganar, mutane za su manta. Da gari ya waye Gwaggo ta ɗauki lasifikarta, ta koma duk lungun da ta bi, tana cewa, "Jama'a, ni ce na ce muku likitoci za su zo. Ba su zo ba, kuma ba a gaya mini ranar da za su zo ba. Kada kowa ya sake wahalar da tsohonsa sai kun ji daga bakina." An zage ta ranar. Wata mata ta watso ruwan wanke-wanke ta saman katanga, ya jiƙa mata mayafi. Ta matse shi ta ci gaba.

Sakataren ƙaramar hukuma na lokacin ya kira ta yana huci, wai ta kunyata hukuma. Ta ce masa, "Ranka ya daɗe, da bakina na faɗa, ba da bakin ciyaman ba. Gobe ni za ku sake aika wa mutanen nan. In ban koma yau ba, da wane ido zan kalle su?" Tun daga nan ya zame mata ƙa'ida. Famfo ne aka ce za a gyara ba a gyara ba, ko taki ne bai iso ba, sai ta koma ta faɗa a daidai inda ta tsaya da farko. Ba ta zagin kowa, ba ta kama sunan kowa. Cewa kawai take yi abin bai zo ba.

Sakamakonta kuwa, ga shi. Aka yi ta jefa ta ƙauyukan da ke can ƙarshen ƙaramar hukumar, inda sai ta hau mota ta sauka ta hau babur. Ƙarin girma ya yi ta tsallake ta. Yaran da ta koya wa aiki suka zama shugabanninta, har da wannan da ya tsaya a soronmu yana ba ni shawara. Ita ta koya masa ya riƙa nesanta lasifika da bakinsa don kada ta yi kuwwa. Amma fa duk ranar da abu ya ɓaci da gaske, kamar shekarar da amai da gudawa ya shigo birni, sai ka ga an aika mota takanas a ɗauko ta, don sun san ita kaɗai ce in ta ce a tafasa ruwa za a tafasa. In ƙura ta lafa a mayar da ita ƙauye. Ta yi ritaya ba mota, ba kujerar shugaban sashe. To, haka ta ƙare. Ni dai ban ga abin tsoro a ciki ba, kuma wanda ya ga abin kunya a nan ya zo ya nuna mini shi.

Ba zan ce waliyyiya ce ba, don da ta ji da ta ce in daina ƙarya. Gwaggo ba ta barin mutum ya kai ƙarshen zancensa. Mai karanta labarai a rediyo ma gyara masa take yi daga kan tabarma, tana cewa, "Kai, ja numfashi mana, wa yake korar ka?" Yabo kuwa sai ka yi da gaske kafin ka samu "ba laifi" a bakinta. Ba ta shan ruwan sanyi saboda maƙogwaro, kullum da citta a ƙullin mayafinta. Tsofaffin batura kuma ba ta yar da su, sai ta jera su a faranti ta shanya a rana, wai suna farfaɗowa. Duk wanda ya taɓa farantin nan ya shiga uku.

Amma akwai ranar da wasu mutane daga Ƙofar Kuyambana suka zo mata a ruɗe. Mahaifinsu ya tsufa har hankalinsa ya fara gushewa, ya fita tun safe ba a gan shi ba. Suna son cigiya, suna kuma jin nauyin a ce a lasifika babansu ya ruɗe, mutumin da ya yi zamaninsa ana girmama shi. Gwaggo ta ce su bar mata. Ta fita ranar hutunta, da rana tsaka, tana cewa, "Babanmu na lungun masu ɗinki ya fita zaga gari, iyalinsa suna jiran sa da abinci. Duk wanda ya gan shi ya taimaka ya rako shi gida." Kafin la'asar aka kawo shi, wani mai kayan miya yana riƙe da hannunsa suna tafe suna hira. Ko ruwa ba ta tsaya ta sha a gidan ba.

Ni kuwa da na gama karatun aikin jarida na ce ina son aikinta, ba ta yi murna a fili ba. Wata takardar ofis ta Turanci ta miƙo mini ta ce, "Karanta, sannan ki faɗa mini yadda mai ƙosai za ta gane tana juya ƙosanta." Na yi, ta ce in sake. Na sake, ta ce, "Har yanzu da takalmi a bakinki, cire shi." Haka muka yi ta yi har na ji kamar in yi kuka. Da na fara aiki na nuna mata shafin ofis a waya, inda muke sa sanarwa dubban mutane su gani, sai ta tambaye ni, "In abin bai yiwu ba fa?" Na ce ana iya gogewa. Ta dube ni sheƙeƙe ta ce, "Da yatsa? Lallai kun huta." Tana kwance ba lafiya na gaya mata na yi shelar magudanar ruwa a Kuyambana, kuma na ga takardar amincewa da idona. Ta ce, "Madalla, 'yar nan. Ki dai riƙe hanyar lungun, kada ta ɓace miki."

Da aka yi sadakar bakwai baƙi suka watse, na shiga ɗakinta na sauko da lasifikar daga saman kabad. Jan bakin ya koɗe, an ɗaure mariƙin da tsumman atamfa. Na sa mata sabon batir. Sannan na kira shugaban sashenmu na gaya masa inda za ni, don Gwaggo ba ta taɓa yin nata a ɓoye ba. Ya ce, "Ke kika sani," ya kashe waya.

Baffa yana zaure da ɗalibansa. Ya ga abin da ke hannuna, fuskarsa ta sauya.

"Na ɗauka an binne wannan abin tare da mai shi."

Na durƙusa na ce, "Baffa, ba a binne ba. Saƙo zan kai."

Ya dube ni. Sannan ya mayar da idonsa kan littafi ya ce, "Ki kashe ta sai kin wuce masallaci."

A lungun Kuyambana na tarar da masu ɗinki zaune a tabarmi a ƙasa, rigunan a kan cinyoyinsu, tarin ƙasar dakalin da suka rushe tana gefe. Gindin katangu duk a tone, tsirara. Na tsaya a inda na tsaya da farko, na kunna.

"Jama'a, ni ce na ce muku za a gina magudanar ruwa, ku rushe dakalinku. An ɗage aikin, ba za a yi shi bana ba. Kada ku jira kowa. Ku mayar da dakalinku kafin ruwa ya sauka."

Kai, ranar na ji zagi! Wani ya miƙe da allura a hannu yana cewa, "Ke ce fa kika sa muka rushe!" Na ce ni ce. Wani ya ce Allah ya isa, na ce yana da gaskiya. Wata murya ta mace daga bayan katanga ta ce, "Baiwar Allah, sake faɗa, ba mu ji farkon ba!" Na juya bakin lasifikar wajen katangar na sake faɗa. Ana cikin zagin nan na ji wani yana cewa a nemo magini, wani yana tambayar wa ke da bulo. Ban san lokacin da na sauke ajiyar zuciya ba. An mayar da dakalin nan kafin ruwan farko. Takardar ƙarin girmana kuma na ji an ɗauke ta daga kan tebur, har ana raɗe-raɗin za a tura ni wani ƙauye. Su riƙe abarsu, na riga na sayi kambas.

A ranar dai, ina shirin barin lungun, wani dattijo cikin masu ɗinkin ya yafuto ni. Ba ni yake kallo ba, lasifikar yake kallo.

"'Yata, wannan abin na san shi. Da shi aka nemo mana mahaifinmu. Ke 'yar gidan Hajiya mai shela ce ko? Ki gaishe ta, ki ce mun ga aike."

Na ce, "Baba, ba ku ji ba?"

"Me?"

Ashe labarin bai iso ba. Ina zai iso, an ce wata dattijuwa? Na ɗaga lasifikar, na nesanta ta da bakina yadda ta koya mini, na yi salati. Sannan na kira sunanta, sunanta na yanka, da sunan mahaifinta, na ce jami'ar yaɗa labarai, wadda ta bi lungunan birnin nan da ƙafarta, Allah ya yi mata rasuwa. Allurai suka tsaya. Dattijon ya cire tabarau ya rufe fuskarsa da rigar da yake ɗinki. Daga bayan katangu kuwa sai salatin mata ya tashi, wannan gida ya miƙa wa wancan, har ƙarshen lungu.

Ban shiga mota ba. Da ƙafa na koma, ina tsayawa a kowane lungu ina faɗa, ina kuka ina share hawaye da mayafi. Da na iso kwanar unguwarmu yatsana ya tafi kan makunnin da kansa. Na tsaya. Sharaɗin nan da ita aka yi, ta cika shi har ta koma ga Allah. Amma a wannan lungun aka haife ta, a nan kuma aka ce wata dattijuwa. Ban kashe ba. Na tsaya a gaban masallaci, daidai ƙofar zaurenmu, na faɗa da dukan muryata.

Karatu ya tsaya cak a zaure. Na shiga na durƙusa, ina jiran abin da zai biyo baya, kuma wallahi na shirya masa. Baffa bai ɗago ba. Hannunsa yana kan littafi.

Ya ce, "In za ki faɗa, ki faɗa daidai. Kin bar abu guda. Ta riga ni sauke Alƙur'ani, a zauren nan, a gaban mahaifinmu."

Na ce, "Ban sani ba, Baffa."

"To yanzu kin sani. Koma ki faɗa."

Na tashi na koma.